Tsingaro Takwas a Abbasiya

Zangona na farko a Alƙahira wani ɗaki ne a kan rufin bene mai hawa bakwai a Ard al-Liwa, ni da tattabarun mai gidan. Dillalin da ya kai ni, simsar kamar yadda suke cewa a can, ɗan ƙasarmu ne. Ya tarbe ni da Hausa mai daɗi, har da tambayar mutanen Azare, shi ya sa na saki jiki. A waya ya nuna mini hoton ɗaki mai taga biyu da fanka. Da muka hau sai na tarar da akurki mai rufin kwano, famfo ɗaya a waje, ƙofar ma da igiya ake ɗaure ta. Na buɗe baki zan yi magana, maganar ta maƙale, don ni mai i'ina ne tun ina yaro, in raina ya ɓaci kuwa harafi ɗaya sai ya riƙe ni ya ƙi saki. Ya tsaya yana kallona ina ta "wa-wa-wa", ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish, Habibu, za ka saba." Ya sauka, ban ƙara sa shi a ido ba.

I'inar nan ce ma ta kawo ni Masar. A gida kowa ya ɗauka fiƙihu ko hadisi zan karanta kamar sauran 'yan garinmu da ke zuwa, ni kuwa sashen tarihin Yunanawa na shiga a wata jami'a. Tun muna sakandare wani malaminmu ya ba mu labarin wani mutumin birnin Atina, maraya, mai i'ina, wanda aka yi wa ihu ran da ya fara tsayawa gaban taron garinsu. Ya koma ya riƙa cika bakinsa da tsakuwa yana magana a bakin teku, yana neman muryarsa ta danne ƙarar ruwa. Ya aske rabin kansa don kunya ta hana shi fita yawo sai ya ƙware. Ƙarshe shi ya zama bakin garin gaba ɗaya. Tun ranar na sa a raina cewa sai na san mutanen nan, kuma sai na yi magana irin tasu ko sau ɗaya ne. Himma ce ko wauta, har yau ban raba ba.

Alƙahira ba garin mai i'ina ba ce. A ƙaramar motar haya kai za ka ɗaga murya ka ce a sauke ka, ni kuwa kafin kalmar ta fito mun wuce tasha biyu, sai in sauka in dawo da ƙafa. Yaran layi suna bina suna kirana da launin fatata, na koyi tafiya kamar kurma. A aji ana koya mana Yunananci da Larabcin Masar, alhali ni Larabcin littafi na sani, sai na zama ina koyon harshe biyu da baki ɗaya, bakin ma mai rauni. Sanyi ya shigo, rufin kwano bai tare komai ba. Kewar gida ta kama ni sosai. Akwai ranar da na ji ƙamshin wani abu kamar daddawa a bakin hanya, na bi shi layi uku, ashe kwata ce ta fashe. Na tsaya a wurin na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Kullum da hantsi in ba ni da darasi nakan zuba tsakuwa a baki in tsaya a kan rufin ina karanta jawabai da ƙarfi, tattabaru su ne jama'ata. Ranar nan na ciji wata da ƙarfi, haƙorina na gefe ya ɓantare. Ina durƙushe ina tofar da jini sai na ji an ce da Hausa a bayana, "Subhanallahi! Ya zol, bawan Allah, yunwar har ta kai ga cin dutse?"

Wani dattijo ne dogo, siriri, da farar jallabiya, ya hawo shanya. Sunansa Baba Isiyaka. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa sun taso daga ƙasar Katagum da ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a bakin kogi a Sudan, zangon ya zama gari. Yaƙi ya koro shi da tsufansa. Matarsa ta rasu a hanya, ɗansa ɗaya kuma bai san inda yake ba. Yana kwana a wani lungu ƙarƙashin matakalar benenmu, da rana yana kasa turare a faranti bakin masallaci. Yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya kawo kwalba daf da hanci yake gane ta. Takardar zama, wato iƙama, ba shi da ita, yana ta jiran layi ya zo kansa.

Da na gama yi masa bayani, wanda ya ɗau lokaci, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Shi ne mutum na farko a garin da bai ƙarasa mini magana ba. Washegari ya kawo mini ƙwallon dabino a ƙulle a tsumma, ya wanke su tas.

"Ga wannan, ɗana. Shi mutumin naka wataƙila haƙoran jaki gare shi. Kai na mutane ne da kai."

Daga nan ya zama ɗalibina, ko in ce ni na zama gidan rediyonsa. Duk abin da aka koya mana sai in zo in juye masa da Hausa, yana haɗa mana shayi mai citta. Sunayen Yunanawan nan suna karya mini harshe, sai ya raɗa musu nasa. Mai i'inar nan ya zama Mai Tsakuwa. Wanda ya lallashi garin suka ƙera jiragen ruwa har suka tsira daga Farisawa ya zama Mai Jirage. Akwai kuma wani da gaskiyarsa ta yi suna, shi ne Adali.

A bakina Baba ya ji al'adar tsingaro. Mutanen Atina, in suka ga wani babba ya yi musu nauyi, sai su taru a kasuwa, kowa ya ɗauki tsingaron fasasshiyar tukunya ya karce sunan wanda yake so ya bar gari. Wanda sunansa ya fi yawa zai tafi shekara goma. Ba shari'a, ba tuhuma, ba a ba shi damar kare kansa. Haka suka yi wa Mai Jirage bayan ya cece su. Haka suka yi wa Adali, har ana cewa wani baƙauye da bai iya rubutu ba ya miƙa masa tsingaro, bai san shi ba ne, ya ce ya rubuta masa sunan Adali, shi kuma ya rubuta ya miƙa masa.

Baba ya ajiye kofinsa. "Mutanen nan ba su da kunya ne?"

Na ce ai adalci ne, ba a zubar da jini ba, kuma ba wanda ya san abin da wani ya rubuta.

"To ai shi ne abin," in ji shi. Ya ƙara da cewa, "Amma Adalin nan ɗan halak ne. Allah ya sa ya samu wurin kwana."

Zangona na biyu Abbasiya. Wani ɗalibin shari'a, Ustaz Bashir, mutumin Gusau, ya ji labarina a masallaci ya ce akwai gurbi a gidansu. Ɗaki uku da falo a hawa na huɗu, da ni muka cika bakwai, duk 'yan arewa, duk masu karatun addini sai ni. Sun karɓe ni da mutunci, ban da Sanusi. Sanusi Bakano ne, baki gare shi kamar reza, ba ya wanke kwano, ba ya shara, kuma shi ya raɗa mini Ɗan Yunan. In na yi sallama sai ya amsa da i'ina, "Wa-wa-wa'alaikumus salam," sauran su danne dariya. Yakan ce, "Mutane na zuwa Masar neman lahira, kai ka zo haddace maganar arnan da suka mutu." Na tsane shi, tsana mai tsanani, irin wadda mutum ke kwana da ita ya tashi da ita.

Bayan wata huɗu na je gaida Baba na tarar an toshe lungun matakalar da bulo, an mai da shi shago. Na same shi bakin masallaci zaune a kan jakarsa, kwanansa uku a nan. Na roƙi Ustaz Bashir, ya tara 'yan gida, ba wanda ya iya cewa a'a. Aka shimfiɗa masa katifa a falo. Cikin mako biyu gidan ya canza. Yana tuƙa mana asida, tuwon mutanen Sudan, da miyar kuɓewa busasshiya, yana tashinmu sallah, in an yi faɗa shi ke rabawa. Kowa Baba, Baba. Har Sanusi yakan ɗauko masa ruwan alwala.

Abin da ba mu lura da shi ba, mai gadin benen, bawwab, yana ƙirga takalma a ƙofarmu. Wata Laraba mai gidan ya hawo da kansa yana haki, ya ce yarjejeniya ta mutum bakwai ce, maƙwabta sun yi ƙorafi, ko ɗaya ya fita kafin mako ya zagayo ko dukkanmu mu fita. Ustaz Bashir ya yi ta ba shi haƙuri da Larabci mai kyau. Mutumin ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Wahid. Khalas." Wato ɗaya, magana ta ƙare. Yana sauka ya ƙara da cewa shi ba ya son 'yan sanda su zo masa gida duba takardu. Wannan kalmar ta zauna a cikin kowa, don duk mun san wanda ba shi da takarda, kuma mun san in aka zo ba shi kaɗai za a kwasa ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka zauna a falo mu takwas. Ustaz Bashir ya yi addu'a, ya faɗi abin da kowa ya sani, sai aka yi shiru. Na san irin wannan shirun, a cikinsa na girma. A wurinmu in abu irin wannan ya taso ba a nuna kowa. Zama ake yi, kowa ya sunkuyar da kai, shirun ya yi ta nauyi har sai wani mai ƙarancin shekaru ko mai wata mafita ya kasa jurewa ya ce, "Ni zan matsa." A ce masa a'a sau biyu, ya nace, a sa masa albarka. Ba yadda za a yi matashi ya ɗaga ido ya dubi mai furfura ya ce masa tashi. Da na bar shirun ya yi aikinsa, da ya yi.

Amma ni lissafi nake yi. Kowa a gidan ya taɓa yi mini ƙorafin Sanusi a bayan idonsa. Na ce a raina, in aka ba mutanen nan hanyar da za su faɗi gaskiya ba tare da an gan su ba, Sanusi ya tafi, Baba ya zauna, ni kuma na huta. Sai na miƙe tsaye.

Wallahi ban taɓa magana irin ta ranar ba. Shekara biyu na ƙwallon dabino suka fito a lokaci ɗaya. Na bi tsarin da aka koya mana daki-daki: na fara da yabon masu sauraro, na kawo matsalar, na kawo abin da za a iya cewa a kaina na rushe shi tun kafin a faɗa. Na ce kunya zalunci ce in ta sa mai rauni ya sadaukar da kansa don mai ƙarfi ya ji daɗi. Na ce shawara a ɓoye ta fi kusa da gaskiya. Na ba su labarin Atina, na ɓoye musu cewa su kansu mutanen Atina daga baya sun watsar da al'adar. Ko harafi ɗaya bai maƙale mini ba. Da na zauna, Ustaz Bashir ya ce, "Masha Allah, Malam Habibu, ashe haka kake?" Daɗi ya cika ni har kunnuwana suna zafi.

Baba ne kaɗai ya ce, a hankali, "Ɗana, a bar mutanen nan a kabarinsu mana."

Ba wanda ya bi ta kansa. Muna da wani tulun ƙasa da ya tsage a baranda, ni na fasa shi da hannuna, don na ce a yi abin yadda masu shi suke yi. Tsingaro takwas, ƙusa ɗaya tana zagayawa, kwanon tuwo a rufe da faifai a tsakiya. Na kafa sharaɗi cewa wanda sunansa ya fi yawa ya tafi, ba jayayya, ba mai kare kansa ko kare wani. Kowa ya ce tamam, ya yarda.

Na shiga kicin na karce Sanusi a nawa. Ina fitowa Baba ya kamo gefen rigata ya ja ni baranda, ya sa mini tsingaronsa a hannu.

"Idona ba ya gani. Rubuta mini."

"Wa-wa zan rubuta, Baba?"

"Isiyaka."

Na ce ba zan rubuta ba. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai da ka ba ni labarin Adali? Yaran nan karatu suka zo yi, iyayensu na jiransu. Ni wa ke jirana? Rubuta, ya waladi, ɗana."

Na juya masa baya na karce Sanusi a nasa ma, na jefa a kwano. Na ce a raina ƙuri'a biyu ke nan tun ba a je ko'ina ba.

Ustaz Bashir ne ya buɗe faifan. Yana ɗauka yana karantawa, muryarsa tana raguwa. Isiyaka. Isiyaka. Sanusi. Isiyaka. Isiyaka. Sanusi. Isiyaka. Na ƙarshen ya daɗe a hannunsa kafin ya ce Isiyaka. Shida da biyu. Biyun nan duka rubutuna ne. Ma'ana duk sauran mutum shidan, har da Ustaz da ke karantawa, har da masu cin asidarsa suna neman ƙari, sunan Baba suka karce. Ba mugaye ba ne, tsoron 'yan sanda ne ya ci su, ni kuma na ba su inda za su ɓuya su yi abin da ba za su iya yi ido da ido ba.

Na zabura zan yi magana. Ustaz Bashir, kansa a ƙasa, ya ce, "Malam Habibu, kai ka ce ba mai kare wani." Ko da bai faɗa ba ma, bakina ya riga ya kulle. Na tsaya ina "ba-ba-ba", wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Baba ya ce, "Alhamdulillahi. Nawa aka ce?" Aka maimaita masa. Ya ƙirga a yatsunsa, sai na ga fuskarsa ta saki. Shi a lissafinsa tasa ƙuri'ar tana cikin shidan. Ya ce, "Ashe mutum biyu sun tsaya mini. Ɗaya na san shi. Na biyun, ko wane ne, Allah ya yi masa albarka, ya rufa masa asiri duniya da lahira." Kowa a falon yana satar kallon ɗan'uwansa.

Na ce ni zan fita a madadinsa, ya rantse in na bar gidan ba shi ba ni. Washegari da hantsi na ɗaukar masa jakarsa zuwa tashar jirgin ƙasa na cikin gari. Da na dawo na tarar da Sanusi a matakala yana jirana. Bai kwaikwayi i'inata ba.

"Ɗan Yunan, ka san abin da ka yi kuwa? Ina da aboki a ɗakin kwanan ɗalibai, ya ce in zo mu matsu. Wallahi bakina a buɗe yake zan ce ni zan matsa, ka miƙe. Da aka ba ni abin nan a hannu, ba mai ganina, sai na ce don me ni?" Idonsa ya kawo ruwa. "Da ka yi mana shiru."

Na raɓa ta gefensa na haye sama.

Zangona na uku ba wurin kwana ba ne, hanya ce da na riƙa bi duk Juma'a zuwa Hadayek el-Maadi, inda wasu 'yan Sudan suka ba Baba gefen wani ɗaki a ƙasan bene, inda ake ajiye injin ruwa. Ɗakin da danshi, bango yana tsattsafo. Tari ya kama shi da shigowar sanyi, bai sake shi ba. Duk zuwan da zan yi, bayan gaisuwa, tambayarsa ɗaya ce: "Ka gano na biyun?" In ce ban gano ba. Sai ya fara lissafi da murmushi, ko Ustaz ne, ko wane ne, yana kawo alherin da kowannensu ya taɓa yi masa. Na lura abin yana riƙe da shi fiye da maganin tarin. Sau da yawa na yi niyyar faɗa masa gaskiya, in na dubi fuskarsa sai in fasa.

A aji kuwa muka kai ƙarshen Mai Tsakuwa. Garin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa magana ya faɗi, aka yanke masa hukuncin kisa, ya gudu ya fake a wani ɗakin bauta, ya sha guba da aka zo kama shi. Na kai wa Baba labarin kamar yadda na saba. Ya saurara idonsa a rufe, ya ce, "Allah sarki. Duk tsakuwar nan da ya tauna."

Juma'ar ƙarshe da na same shi da rai, ya laluba ƙarƙashin matashinsa ya ciro 'yan kwalabe biyu na turaren sandal, ragowar jarinsa ke nan. Ya danƙa mini.

"Ɗaya naka. Ɗaya na mutumin nan. In ka gano shi ka ce masa Isiyaka bai manta ba."

Ranar Talata aka kira ni. Mu tara muka yi masa sallah, shida daga ciki 'yan gidanmu ne, Sanusi ne ya shiga ramin ya karɓe shi.

Na gama karatuna, na dawo gida, yanzu ina koyar da tarihi a wata makaranta. I'inar ta ragu ƙwarai, har ana gayyatata jawabi a taro, ni kuwa ba na zuwa. Kwalbata na shafe ta tuntuni, sallah bayan sallah, har ta ƙare. Ɗayar tana cikin akwatina a cike, ban taɓa buɗe ta ba. Kwanaki matata tana gyaran kaya ta ci karo da ita, ta ce turaren wa nake ta ajiya haka shekara da shekaru. Na ce saƙo ne aka ba ni in kai wa wani. Ta ce to ka kai masa mana, ba kyau riƙe amana. Na ce mata babu shi.